Kunun da Bai Shiga Taswirata Ba

Anti Rauda, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma sati uku kacal ya rage mini in kwance shi. Na san kin daɗe kina aikin jinya kafin ki koma rubutu a wannan fili na jarida, shi ya sa na zaɓe ki, don wanda bai taɓa tsayuwa a bakin gadon mara lafiya ba zai ce ƙaramar magana nake kambamawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, a zauren gidanmu nake yinsa a kan gwiwa. Ɗakina ya zama na yayata Barakatu tun da ta dawo gida wankan jego, har filona biyu ta haɗa da nata, wai ita yanzu ba ta jin daɗin kwanciya sai a jingine.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a wata makarantar koyon aikin jinya a nan ƙasar Daura. Ba yabon kai ba, tun da na shiga ban taɓa wuce ta uku ba a jarrabawar rubutu. Mahaifinmu malami ne, kuma duk ɗan gidanmu da hadda ya tashi. Idan na karanta shafi sau uku ya zauna ke nan, har ina iya gaya miki ko a sama maganar take ko a ƙasan shafin. Rakoda 'yan ajinmu suke ce mini, kuma gaskiya ban taɓa jin haushin sunan ba.

Bara aka kawo mana wata malama, Sista Zubaida, ta zo da nata salon. Ba ta son a rubuto mata bayanin mara lafiya layi bayan layi kamar yadda muka saba. Sai dai ki samo babbar takarda, ki sa mara lafiyar a tsakiya, ki zagaye shi da duk abin da kika gani da abin da kika auna da abin da aka gaya miki, kowanne a cikin akwatinsa, sannan ki ja kibiya daga wannan zuwa wancan ki nuna me ya jawo me. Ita taswirar tunani take ce wa abin, mu kuma muka sa masa saƙar gizo. Da farko na ji daɗinsa, don ina da kyan rubutu. Da rula nake ja, da biro kala uku, har ana karɓar tawa a ɗauki hoto.

A watan jiya, a asibitin da muke koyon aiki, aka haɗa ni da wata 'yar ajinmu Rahama, aka ba mu mara lafiya guda a ɗakin mata, aka ce kowa ta zana tata taswirar, ranar Alhamis za a tambaye mu a bakin gado, kuma makin yana cikin sharuɗɗan zama jarrabawar fita. Bari in kira matar Hussaina, ba sunanta ke nan ba. Daga wani ƙauye gaba da Baure aka kawo ta, sati biyar da haihuwarta ta uku, tana haki, tana tari, ƙafafu sun kumbura har gwiwa. Likita ya ce zuciyarta ce ta yi rauni bayan haihuwa. Ya sa mata maganin fitar da ruwa daga jiki, ya ce a riƙa auna nauyinta kullum da safe, ya rubuta a fayil ɗinta da manyan baƙaƙe cewa ban da gishiri.

Ni kuwa na riƙe wannan doka da ƙarfi. Ranar da aka kawo mata tuwo da miyar kuka daga gida, ni na ɗanɗana, na ji gishiri, na sa aka mayar. Na zauna na yi wa mahaifiyarta bayani tiryan-tiryan, tsohuwa mai fara'a, ba ta kirana sai 'yar nan. Na tashi ina jin kaina cikakkiyar nas.

To, Anti, akwai wani koren filas babba a gindin gadon. Hannun tsohuwar yana rawa, don haka sau biyu ni da kaina na buɗe na tsiyaya wa Hussaina a kofi. Har lallashinta na yi ta shanye, na ce ruwan nono zai zo. Kunun kanwa ne. Da na buɗe murfin ƙanshin gidanmu na ji, ƙanshin da na sani duk lokacin da aka yi haihuwa tun ina ƙarama. Ban ji komai a raina ba sai tausayin tsohuwar da ta taso tun asuba ta dama.

Ranar Alhamis Sista Zubaida ta karɓi taswirata ta duba, ta ce ta yi kyau, ta cancanci a rataye ta a bango. Sai ta yi mini tambaya guda: kwana huɗu Hussaina tana kan magani, me ya sa sikeli bai sauka ba, kumburin ma yana nan? Na karanto mata dalilai biyar da ke cikin littafi, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita Hussaina ta tambaye ni, ba littafi ba. Ta juya ga Rahama. Takardar Rahama abin kunya ce a ido, duk goge-goge, kibiyoyi suna hawa kan juna. Amma can a kusurwa ta yi wani akwati ta rubuta abin da ake kawowa daga gida, ta ja kibiya daga nan zuwa kumburi, ta sa alamar tambaya. Ashe da yammacin Laraba ta zauna da tsohuwar ta tambaye ta me ke cikin filas, kofi nawa ake sha a rana, yaya yawan kanwar da ake jiƙawa, ta kuma gaya wa nas ɗin da ke bakin aiki. Kofi biyar a rana, Anti, kuma sau biyu da hannuna na ba ta.

An dakatar da kunun, an gyara mata magani, bayan kwana tara aka sallame ta tana tafiya da ƙafarta. Da za su tafi, ni tsohuwar ta fi sa wa albarka, ta riƙe hannuna ta daɗe tana addu'a. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni kuma na faɗi. An ba ni dama guda nan da sati uku, da wani mara lafiyar daban. Idan na sake faɗuwa ba zan zauna jarrabawar fita da 'yan ajinmu ba, sai baɗi, ga Malam mahaifinmu ya gama gaya wa abokansa na masallaci cewa bana 'yarsa za ta gama.

Amma ba tsoron ne ya fi damuna ba, mamaki ne. Na san kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. A aji biyu an tambaye mu wannan, na rubuta, na cinye makin duka. To ina ilimin ya shiga a lokacin da nake riƙe da filas? Yaya aka yi abu yana cikin kaina, abu yana hannuna, amma suka ƙi gamuwa? Na tambayi Rahama yadda ta yi, ita da sai da ƙyar take haye jarrabawar rubutu. Ta yi dariya ta ce babanta fataucin shanu yake yi a wajen Zango, kuma bai taɓa sayen saniya ba sai ya tambayi inda ta yi kiwo da ruwan da take sha, ita ma haka ta tashi, ba ta iya ganin kwano a rufe ta ƙyale. To wannan baiwa ce da ake haifar mutum da ita, ko ana koyonta? Idan ana koyo, da gaske zanen akwatuna da kibiyoyi ne zai koya mini?

Don ina da shakka a kan taswirar ma. Shugabar nas ta ɗakin mata ba ta taɓa zana komai ba a rayuwarta, amma daga bakin ƙofa za ta leƙa ta ce a sa ido a kan gado na shida, kuma kafin la'asar sai kin ga dalili. Wasu 'yan ajinmu kuma a waya suke samo zanen kowace cuta su kwafe, su ma taswira suke kiran nasu. Idan na fara aiki, wa zai ba ni awa biyu in zauna ina jan layi alhali mutum talatin suna jirana?

A gida ma ba na samun natsuwar gwadawa. Baƙi ba sa yankewa, ga hidimar ruwan wanka safe da yamma. Na taɓa ɗan taɓo wa Inna maganar a rage kanwa a kunun Yaya Barakatu, ta dube ni ta ce mu takwas ta haifa da kunun nan, ko bokon ne zai koya mata jego? Na ƙyale maganar, na ce a raina ai Yaya ba mara lafiya ba ce. Ita dai son jiki ne ya yi mata yawa, ko tsakar gida ta ratsa sai ta nemi turmi ta zauna tana mayar da numfashi, Inna tana ce mata ragguwa. Silifas ɗina na wanka ma ta ƙwace, wai nata takalman duk sun matse ta, yau ga shi sati uku da suna.

Anti Rauda, ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Irina tana iya zama nas ta ƙwarai, ko in lallaɓa in nemi aikin koyarwa inda hadda ba za ta cutar da kowa ba? Yaya zan yi da sati ukun nan?

Taki, Mai Hadda, daga Daura.

AMSA

Wa alaikumus salam, Mai Hadda 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, karo na biyu da fensir a hannuna, zan gaya miki dalili a ƙarshe.

Ki cire maganar barin aiki daga ranki. Ɗalibar da ta faɗi ta koma tana tambayar me ya sa ban gani ba, ita nake so ta yi jinyata in na kwanta. Kuma kada ki raina haddarki. Rahama ta ga filas, amma ba don an taɓa koya mata abin da kanwa ke yi a jiki ba, da kibiyarta ba ta san inda za ta dosa ba. Wanda kansa ba komai ba shi da abin haɗawa. Ke kina da kaya jingim, hanyar da za su gamu ce ba ki fitar ba.

Kin tambayi inda ilimin ya shiga. Yana nan, sai dai kin ajiye shi a ɗakin makaranta, kunun kuma yana ɗakin gida, kuma ba ki taɓa buɗe ƙofa a tsakaninsu ba. Gishiri kin san shi a littafi, shi ya sa kika kama shi a miya. Kunun kanwa kuwa a hannun Inna kika san shi, tare da barka da rungumar jariri, don haka idonki bai ɗauke shi abin tuhuma ba. Baƙuwar nas da ba ta taɓa ganinsa ba da tuni ta tambaya. Mu 'yan gida mu ne muka fi yin wannan kuskuren. Ni ma ina sabuwar nas na taɓa yi wa wani dattijo mai ciwon suga allurarsa ta safe ranar Litinin, na ga kwanonsa a wanke na ɗauka ya ci. Ashe azumin nafila yake yi, ya ba mai jinyarsa abincin. Na san dattawanmu da azumin Litinin da Alhamis tun ina goye, amma ban tambaya ba, sai da gumi ya karyo masa ya fara sambatu. Allah ya sa an ceto shi, ni kuma ban ƙara yin allurar nan ba sai na tambayi mutum me ya shiga bakinsa.

Shakkarki a kan taswira tana da tushe, ba zan ɓoye miki ba. Takarda ba ta ba mutum hankali, kuma taswirar da aka kwafo daga waya hadda ce kawai da ta sauya riga. Taki ma, da rularta da bironta kala uku, ina zargin littafin kika sake jerawa a zagaye. Gaskiya ne kuma ba wanda zai ba ki awa biyu a bakin aiki. Amma shugabar nas ɗin nan da kike gani tana zanawa, a cikin kanta take yi, kafin ki ƙifta ido ta gama. Shekaru ashirin da kurakurai masu ciwo ne suka koya mata. Abin da Sista Zubaida take nema shi ne ta rage muku tsawon hanyar, ta kuma rage yawan mutanen da za ku koya a jikinsu. Tana sa ki fito da tunaninki fili don a ga inda ya yanke. Naki an gani, kuma an gani a ranar da gyara yake yiwuwa, wannan abin godiya ne.

Ga yadda za ki yi da sati ukun. Ki ajiye rula da biro, ki ɗauki fensir, taswirar da ba a goge ta ba ba a yi tunani a kanta ba. A tsakiya kada ki rubuta sunan cuta, ki rubuta mutumin: shekarunsa, garinsa, sana'arsa, wa ke jinyarsa. Duk kibiyar da kika ja ki rubuta kalma a kanta, yana jawo, yana ƙara, yana hana, idan kin rasa kalmar da za ki sa to ba ki fahimci alaƙar ba tukuna, ki koma bakin gado. Ki ware kusurwa guda ta gida, kada ki cika ta daga kujera. Ki durƙusa ki duba ƙarƙashin gado, ki buɗe kwano da filas da ƙullin leda, ki tambayi me ake ci, me ake sha, me ake shafawa, wa ke yanke hukunci a kan mara lafiyar. Ki yi tambayar da fara'a, kamar mai son koyo, don tsofaffinmu suna ɓoye wa mai faɗa, suna buɗe wa mai ladabi. Akwatin da ya tsaya shi kaɗai ba kibiya, shi za ki fi zargi. In kin gama ki tambayi kanki abu biyu: me bai dace da sauran ba, kuma me zan fara yi yanzu? Mara lafiya guda a rana, minti ashirin, ya ishe ki. Ki nemi Rahama ki riƙa yi mata bayanin taswirarki da baki tana tsare ki da tambaya, ke kuma ki ja ta a karatun jarrabawar rubutu. Ki kai wa Sista Zubaida biyu ko uku mafiya muni ta duba, malama irinta ba ta ƙin ɗalibar da ta dawo. Malam kuma ki gaya masa gaskiya tun yanzu, malami ne, ya san ana maimaita allo.

Yanzu maganar fensir. Na zana taswira daga wasiƙarki, kuma ba Hussaina na sa a tsakiya ba. A sakin layi na farko kin ce mai jego ta haɗa filo uku don ba ta iya kwanciya sai a jingine. Can ƙasa kin ce ba ta ratsa tsakar gida sai ta zauna tana mayar da numfashi. Kin ce takalmanta sun matse ta wata guda bayan haihuwa. Kin ce tana shan kunun kanwa, ga wankan ruwan zafi safe da yamma. Akwati huɗu kika ba ni, kowanne kin sa masa sunan gida: son jiki, ragwanci, ƙwacen silifas, al'adar jego. Ki ja kibiyoyin da kanki.

Ban ga Barakatu ba, kuma ba na yanke wa mutum ciwo daga takarda. Yana yiwuwa ƙarancin jini ne, yana yiwuwa wani abu ne mai sauƙi. Amma waɗannan alamu a jikin mai jego ba a kwana da su. Ki ƙirga numfashinta da bugun jininta na minti guda tana zaune. Ki danna ƙaurinta da babban yatsa ki ga ko ramin zai tsaya. Ko me kika samu, a kai ta asibiti likita ya duba zuciyarta da jininta a yau, kunun kuma a dakata da shi har sai ya yi magana. Kada ki yi gardamar kanwa da Inna, ba za ki ci ba, kuma ba ƙarya ta yi ba da ta ce ta haifi takwas lafiya, mata da yawa sun sha sun tashi, zuciyar da ta riga ta gaji ce ba ta ɗaukar ƙarin nauyi. Ki kamo hannunta cikin ladabi ki sa ta danna ƙafar da yatsanta, ta ga ramin da idonta. Uwa ce, ba za ta buƙaci littafi ba. In ta ja, ki shiga wurin Malam, ki kira mijin Barakatu.

Wannan ɓangaren na tura miki shi ta lambar wayar da kika haɗo da wasiƙarki tun ranar da na karanta, ban jira fitowar jarida ba. Har na miƙa shafin nan ban ji daga gare ki ba, shi ya sa na maimaita a fili, ko wata da ta san gidanku za ta gani, ko wata mai hadda a wani gidan ta waiga ta dubi tata yayar.

Kin tambaye ni ko irinki tana iya zama nas ta ƙwarai. Duk abin da ake buƙata kin gan shi, kin ma rubuto mini shi ba ki bar ko ɗaya ba, layin kawai ya rage. Jarrabawar Sista Zubaida sai nan da sati uku, wannan kuwa tana kwance a ɗakinki a kan filonki. Ki ajiye jaridar nan ki shiga ki duba ta. Allah ya ba Barakatu lafiya, ya raya abin da ta haifa, ke kuma ya ba ki sa'a ya sa albarka a hannunki.

Anti Rauda